Yadda Ake Sake Gina Wuyan Hannu Bayan Ƙwayoyin Cuta Sun Ci Ƙashi

Wuyan hannu wuri ne ɗan ƙarami amma a cunkushe yake. Ƙananan ƙasusuwa takwas ne a cikinsa, jere a sahu biyu, kuma suna zaune ne a kan bakin dogayen ƙasusuwa biyu na sangalin hannu: rediyos, wanda ke gefen babban yatsa, da ulna, wanda ke gefen ƙaramin yatsa. Idan mutum ya dafa ƙasa da tafin hannunsa, kusan kashi 80 cikin 100 na nauyin yana bi ta rediyos, sauran kuma ta ulna. Ta saman waɗannan ƙasusuwa da ƙarƙashinsu agarori masu lanƙwasa yatsu da miƙe su suke ratsawa, tare da jijiyoyin jini da jijiyoyin ji, alhali fatar da ta rufe su, musamman ta bayan hannu, siririya ce. Shi ya sa idan ƙwayoyin cuta suka kama ƙashi a nan, cutar da likitoci ke kira ostiyomiyelaitis, ɓarnar ba ta tsayawa a ƙashi kaɗai, sai ta taɓa guringuntsin gaɓar da agarori da fata.

Ƙwayoyin suna shiga ta hanyoyi kaɗan da aka sani. A yara yawanci jini ne ke kawo su daga wani sashe na jiki, su sauka kusa da wurin da ƙashi ke tsiro. A manya kuwa an fi samun su bayan karayar da ƙashi ya huda fata, ko bayan tiyatar da aka sa ƙarfe, ko cizo, ko sukar wani abu mai datti. Ƙwayar da ta fi yawa ita ce stafilokokus, sai dai ga masu amosanin jini akan sami salmonela, sannan ƙwayar tarin fuka ma tana kama wuyan hannu, tana cinsa a hankali tsawon watanni ba tare da zazzaɓi mai zafi ba. Abin da ke mayar da ciwon ya zama na dindindin shi ne mutuwar wani yanki na ƙashi. Mugunya tana taruwa a cikin ɓargo, ta danne ƙananan jijiyoyin jini, yankin da jini ya daina isa ya mutu ya ware, ƙwayoyin su manne a jikinsa su lulluɓe kansu da wani yauƙi mai kare su. Magani a cikin jini yake tafiya, mataccen ƙashi kuwa ba shi da jini, don haka ko an shekara ana shan magani, miki zai rufe ya sake ɓullowa yana yoyon mugunya.

Daga nan ne tsarin aikin duka ya samo asali: a fara kawar da cutar, a rufe wurin da nama mai rai, sannan a yi gini. Duk wanda ya juya wannan tsari, ya sa sabon ƙashi ko ƙarfe a wurin da bai tsarkaka ba, ya ba ƙwayoyin sabon mazauni ne kawai.

Abin da ake yi kafin a shiga ɗakin tiyata

Likitan ƙashi zai fara da tambayoyi, kuma ya dace majinyaci ya zo da amsoshinsu a shirye: yaushe ciwon ya fara, tiyata nawa aka yi a baya, akwai ƙarfe a ciki ko babu, waɗanne magunguna aka sha kuma tsawon wane lokaci. Wanda ya adana takardun gwaje-gwajensa na baya ya rage wa likita rabin aiki. Bayan haka za a duba motsin kowane yatsa, da jin taɓawa a tafin hannu, da bugun jijiyoyin jini biyu na wuyan hannu, domin abin da ya rage da lafiya shi ne harsashin da za a ɗora gini a kai.

Hoton eksire shi ne na farko, amma yana da jinkiri, domin sauyin ƙashi ba ya bayyana a cikinsa sai bayan kimanin kwana 10 zuwa 14 da fara ciwon. Hoton MRI ya fi nuna iyakar da cutar ta kai a cikin ɓargo da nama, hoton CT kuma ya fi fito da mataccen ƙashi da siffar ramin da ya bari. Ana kuma auna alamomin kumburi a jini, wato CRP da ESR, ba don su tabbatar da cutar su kaɗai ba, sai don a sami ma'aunin da za a riƙa kwatantawa da shi nan gaba.

Akwai kuskure guda da ake yawan yi a wannan mataki, wato dogara da mugunyar da aka shafo daga bakin miki. Ƙwayoyin da ke bakin miki sau da yawa na fata ne, ba su ne ke cikin ƙashi ba. Samfurin da ake yarda da shi shi ne wanda aka ɗebo daga can ciki, kuma idan lafiyar majinyaci ta ba da dama, likita kan dakatar da maganin kashe ƙwayoyin cuta na kusan mako biyu kafin ɗibar, domin ƙwayoyin su tsiro a ɗakin gwaji a gane su. Wannan dakatarwa hukuncin likita ce, ba ta majinyaci ba, kuma ba a yin ta ga wanda zazzaɓi ya kwantar ko cutar ta shiga jininsa.

A tsakiyar shekarun 1980 likitoci biyu a Amurka, Cierny da Mader, suka fito da rabe-raben da har yau ake amfani da shi. Sun kasa ciwon gida huɗu gwargwadon wurin da ya kama, daga wanda ya tsaya a ɓargo zuwa wanda ya ratsa kaurin ƙashin gaba ɗaya, sannan suka kasa majinyata gida uku gwargwadon ƙarfin jikinsu. Hikimar wannan rabo ita ce ya tilasta wa likita ya dubi mutumin, ba hoton kaɗai ba. Mai shan taba sigari, da mai ciwon sukarin da bai daidaita ba, da mai ƙarancin jini ko ƙarancin furotin, duk ƙashinsu yana jinkirin haɗewa. Barin taba makonni kafin tiyata da bayanta ba shawara ce ta ado ba, domin nikotin yana matse ƙananan jijiyoyin jinin da dashen ƙashi ya dogara da su.

Tiyata ta farko: kankare cutar

Manufar wannan tiyata ɗaya ce, a cire duk abin da ya mutu. Ana fitar da tsohon ƙarfe da kusoshinsa idan akwai, a yanke hanyar da mugunya ke bi har zuwa tushenta, a ciro mataccen ƙashi, a ci gaba da kankarewa har sai an ga ɗige-ɗigen jini suna tsattsafowa daga fuskar ƙashin, wanda shi ne shaidar cewa an iso wuri mai rai. A ganina nan ne ake cin nasara ko a faɗi, kuma jarabar da ke damun mai tiyata ita ce tausayin ƙashi, ya bar wani yanki mai shakka don kada ramin ya yi girma. Babban rami mai tsabta ana iya cike shi, ƙaramin rami mai cuta kuwa zai dawo da majinyaci teburin tiyata. A lokacin aikin ake ɗibar samfuri kamar guda biyar daga wurare daban-daban, kowanne da kayan aikinsa, a aika wasu don tsirar da ƙwayoyi, wasu don duba nama da madubin ƙara girma, wanda shi ke tona asirin tarin fuka ko ƙwayar naman gwari. Daga nan a wanke wurin da ruwan gishirin asibiti mai yawa. Ba abin mamaki ba ne a maimaita wannan aiki sau biyu ko uku cikin 'yan kwanaki, kuma maimaitawar ba alamar gazawa ba ce.

Ramin da ya rage ba a barinsa fanko, domin jini zai taru a ciki ƙwayoyi su sami abinci. Ana cike shi da simintin ƙashi da aka cuɗa da magani irin su jentamaisin ko bankomaisin, ko dai a dunƙule ko a jere kamar duwatsun wuya a kan siririyar waya, dabarar da likitan Jamus Klaus Klemm ya yaɗa a shekarun 1970. Simintin yana sakin magani mai yawa a wurin kai tsaye, yana kuma riƙe tsawon hannun don kada agarori su takure. Sannan dole a hana wurin motsi, saboda ƙashin da ke girgiɗi ba ya rabuwa da cuta. Galibi ana kafa ƙarfen waje, mai sanduna da ke shiga ƙashin sangali ta sama da ƙashin bayan hannu ta ƙasa, nesa da wurin ciwon.

Idan fata ta lalace har ƙashi ko agara ya fito fili, ana rufe shi da wuri da nama mai jininsa. Ana iya juyo shi daga sangalin hannun, ko a ɗauko daga cinya a haɗa jijiyoyinsa da na hannu, ko kuma a manna hannun a jikin makwancin cinya na kimanin mako uku har fatar ta kama sannan a raba. Siririyar fatar da ake yankowa a shimfiɗa ba ta kamawa a kan ƙashi tsirara ko siminti.

Lokacin jira

Sakamakon gwaji ne ke zaɓar magani, kuma yawanci ana ba da shi na kimanin mako shida. An daɗe ana ganin dole sai ta jijiya, amma wani babban bincike da aka yi a Birtaniya a kan majinyata sama da dubu ɗaya, wanda aka wallafa a 2019, ya nuna cewa maganin sha da aka zaɓa da kyau bai gaza na jijiya ba a ciwon ƙashi da gaɓoɓi. Idan tarin fuka ne, lissafin ya sauya, domin ana haɗa magunguna da yawa a sha na tsawon watanni, daga shida zuwa shekara guda. Aikin majinyaci a wannan zango shi ne kada ya tsallake magani ko ya daina don ya ga miki ya bushe, ya tsaftace bakin sandunan ƙarfen yadda aka koya masa, kuma ya riƙa motsa yatsunsa kowace rana. Ana wucewa mataki na gaba ne idan miki ya rufe, kumburi ya sauka, kuma CRP ya koma daidai. Idan akwai shakka, sake kankarewa da sauya siminti ya fi gaggawar gini.

Zaɓen hanyar gini

Tambayoyi uku ne ke yanke hukunci a nan: tsawon ƙashin da aka rasa nawa ne, guringuntsin gaɓar ya tsira ko ya tafi, kuma mai hannun yaro ne mai girma ko babba.

Idan giɓin ƙarami ne kuma naman da ke kewaye yana da jini sosai, ana cike shi da ɓarɓashin ƙashi mai soso da aka ɗebo daga ƙashin ƙugun majinyacin. Idan ya ɗan fi haka, akwai dabarar likitan Faransa Alain Masquelet, wadda ya fara a shekarun 1980. Ya lura cewa jiki yana saƙa wata 'yar fata mai yawan jijiyoyin jini a kewayen simintin, kuma wannan fata tana ciyar da dashen ƙashi tana hana shi narkewa. Saboda haka bayan mako shida zuwa takwas ana tsaga ta a tsaye da kulawa, a fitar da simintin, a cika jakar da ɓarɓashin ƙashi, a ɗinke ta. Amfanin dabarar shi ne ba ta bukatar kayan haɗa ƙananan jijiyoyi, don haka asibitoci da yawa suna iya yin ta.

Idan giɓin ya wuce kimanin santimita shida, ko wurin ya cika da tabo marar jini, an fi karkata ga dashen ƙashi mai rai. Ana ɗauko tsakiyar fibula, siririn ƙashin da ke gefen ƙwauri, tare da jijiyoyin jininsa, a dasa shi a hannu, a ɗinke jijiyoyin da na hannu ƙarƙashin madubin tiyata. Ian Taylor da abokan aikinsa a Ostareliya ne suka fara ba da rahoton wannan aiki a 1975. Ƙafa ba ta rasa tafiya, domin babban ƙashin ƙwauri ne ke ɗaukar mafi yawan nauyi, muddin an bar ƙarshen fibula na ƙasa don ya riƙe idon sawu. Fifikon wannan dashe shi ne yana zuwa da jininsa, don haka yana haɗewa kamar karaya, yana kai magani wurin, kuma yana ƙara kauri da amfani. Farashinsa a jiki shi ne doguwar tiyata, da miki na biyu a ƙafa, da haɗarin toshewar jijiya a kwanakin farko. Saboda haka akan haɗo shi da ɗan yankin fata da ake dubawa akai-akai, idan launinsa ya sauya ko ya yi sanyi a koma ɗakin tiyata nan take.

Hanya ta uku ita ce jan ƙashi, wadda Gavriil Ilizarov ya ƙirƙiro a garin Kurgan na Tarayyar Sobiyet a shekarun 1950. Ana yanke ƙashi a wuri mai lafiya, a jira kamar mako guda, sannan a riƙa juya notin ƙarfen waje da aka kafa da wayoyi masu ratsa ƙashin, ana ja milimita ɗaya a rana, a kasa shi sau huɗu, sabon ƙashi yana tsirowa a bayan wanda ake ja. Lissafin yana da sauƙi amma yana bukatar haƙuri: giɓin santimita huɗu zai ci kwana arba'in na ja, sannan sabon ƙashin ya nemi ninkin wannan lokaci ko fiye kafin ya yi ƙwarin da za a cire ƙarfen. A sangalin hannu wannan hanya ta fi wahala fiye da ƙafa, saboda wayoyin suna ratsa kusa da agarori da jijiyoyi.

Sai batun gaɓar kanta, wanda shi ne ya fi tayar wa majinyata hankali. Guringuntsin da mugunya ta cinye ba ya dawowa. Idan wani sashe ya tsira, ana iya haɗe ɓangaren da ya lalace kawai, misali a manne rediyos da ƙasusuwa biyu na sahun farko, a bar ɗan motsi tsakanin sahun biyu. Idan kuwa duka ya tafi, abin da ya fi tabbas shi ne a haɗe wuyan hannun gaba ɗaya da farantin ƙarfe daga rediyos zuwa ƙashin bayan hannu na yatsan tsakiya, a kafe shi yana ɗan ɗage sama da digiri 10 zuwa 15. Mai karatu zai iya gwada dalilin wannan da kansa: ya damƙe wani abu wuyan hannunsa na lanƙwashe ƙasa, sannan ya sake damƙa yana ɗan ɗage, zai ji inda ƙarfi yake. Mutane da yawa suna jin kalmar haɗewa sai su ɗauka hannu ya mutu, alhali abin da ake rasawa shi ne lanƙwasawa sama da ƙasa da gefe. Yatsu suna aikinsu, kuma juya tafin hannu sama da ƙasa yana nan, domin wannan motsi daga mahaɗar rediyos da ulna yake fitowa. Abubuwan da suke yin wuya su ne zura hannu a matsattsen wuri da tsaftace jiki a bayan gida, kuma kafaɗa da gwiwar hannu suna koyon cike gurbin. Wanda ke shakka ya nemi a ɗaura masa takalmin hannu mai tauri na mako ɗaya ko biyu kafin tiyata, ya yi ayyukansa da shi, ya ga abin da zai iya da wanda ba zai iya ba. Gaɓar roba da ƙarfe kuwa, wadda ke barin motsi, yawancin likitoci suna guje mata bayan ciwon ƙashi, saboda baƙon abu mai motsi shi ne wurin da ƙwayoyi suka fi son komawa.

Kada a manta da ulna. Idan rediyos ya gajarce, kan ulna yakan tsaya ya yi tsini yana tokarar ƙananan ƙasusuwa, yana hana juya hannu. Ana iya rage tsawonsa, ko a yanke kansa, ko a manne kan da rediyos a buɗe giɓi a sama da shi don juyawa ta ci gaba. Inda rediyos ya lalace ƙwarai, ana iya ɗora hannun a kan ulna a mayar da sangalin mai ƙashi ɗaya, a sadaukar da juyawa domin a sami tsayayyen hannu.

Yara suna da matsala tasu. Kusan kashi uku cikin huɗu na tsawon rediyos daga matsirar da ke kusa da wuyan hannu, wato wurin da ƙashi ke tsiro, yake fitowa, kuma nan ne cutar ta fi kamawa. Idan matsirar ta mutu, ulna zai ci gaba da tsawo shi kaɗai, hannu ya riƙa karkacewa zuwa gefen babban yatsa shekara bayan shekara. Don haka ana bibiyar yaro da hoto har ya gama girma, kuma iyaye su sani tun farko cewa ana iya bukatar ƙarin tiyata, ko ta jan ƙashi, ko ta tsayar da tsiron ulna, ko ta dasa kan fibula tare da matsirarsa.

Bayan an gama gini

A kwanakin farko a ɗaga hannun sama da ƙirji, a zaune ko a kwance, domin kumburi shi ne mafarin sanƙarewar yatsu. Sai dai in likita ya hana, motsa yatsu yana farawa tun washegari: a dunƙule su sosai, a miƙe su sosai, a taɓa kan kowane yatsa da babban yatsa, sau da yawa a yini, tare da motsa gwiwar hannu da kafaɗa. Ma'aikacin gashin ƙashi zai tsara ƙarin atisaye gwargwadon abin da aka gina. Ba a ɗaukar kaya ko dafa ƙasa da hannun sai hoto ya nuna ƙashi ya haɗe, wanda kan ɗauki wata uku ko fiye, kuma dashen da ya yi tsawo ya fi haka jinkiri.

Akwai alamomin da ba a jira ranar komawa asibiti a kansu: zazzaɓi, ja da zafi da ke ƙaruwa a bakin ɗinki, fitar ruwa ko mugunya, yatsu su yi fari ko shuɗi ko sanyi, mutuwar ji ko tsananin zugi da maganin ciwo ba ya kwantarwa, da kuma filasta ko bandejin da ya matse. Haka nan idan makonni sun wuce hannun yana ƙuna fiye da kima, yana sheƙi, yana gumi, ko taɓawa kaɗan tana sa ihu, a faɗa wa likita da wuri, domin wannan wani ciwon jijiya ne da ya fi jin magani a farkonsa.

Ciwon ƙashi yana iya kwanciya shekaru sannan ya farka, don haka ana ci gaba da duba majinyaci aƙalla shekara ɗaya zuwa biyu ko da komai ya yi kyau. Mikin da ya daɗe shekaru yana yoyo, idan bakinsa ya fara tsiro ko zubar da jini ko wari ya sauya, ana yankar ɗan nama a gwada, saboda sankarar fata takan tsiro a irin wannan tsohon gyambo. Ya kamata majinyaci ya nemi a rubuta masa sunan ƙwayar da aka samu a ƙashinsa, da magungunan da suka yi mata aiki da waɗanda ta bijire musu, da irin ƙarfen da aka bari a hannunsa, ya adana takardar tare da hotunansa, ya nuna ta ga duk likitan da zai sake duba hannun.